Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gane Dutsen Farar Ƙasa da Danginsa

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon yawancinsu a kan dutsen farar ƙasa ne da 'yan'uwansa, waɗanda masana ke kira duwatsun kabonet. Mun zaɓi bakwai, mun rage tsawon wasu saboda wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da wani dutse fari mai ratsin toka. Wani ya ce mini irin wanda ake yin siminti da shi ne, wani kuma ya ce ko kusa. Ta yaya zan gane da kaina ba sai na kai shi ɗakin gwaji ba? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Tun farko ka cire launi daga lissafinka. Dutsen farar ƙasa yana zuwa fari, ruwan toka, ruwan ƙasa, ja-ja, har da baƙi wuluk, kuma akwai fararen duwatsu birjik da ba su haɗa komai da shi ba. Abin da ke sa dutse ya ci wannan suna shi ne fiye da rabinsa ya zama kalsiyam kabonet, CaCO3, wanda galibi yake zaune a cikinsa da siffar ma'adinin kalsait. Yana cikin kwantattun duwatsu, wato waɗanda suka samu daga abin da ya kwanta hawa-hawa, yawanci a ƙarƙashin ruwa, har ya daskare. Nasa abin da ya kwanta, mafi yawa ɓawon halittun teku ne da ƙwarangwal ɗinsu da farar lakar da suka dagargaje suka zama. Ke nan kalsait kake nema.

Kayan aikin ba su da yawa: guduma, wuƙa ko ƙusa, gilashin ƙara girma mai ninki 10, da 'yar kwalba mai ɗigo ɗauke da asid ɗin haidirokulorik da aka surka.

Fasa dutsen tukuna. Bayan dutsen da ya daɗe a sarari ba abin yarda ba ne. Ƙura da gansakuka da tsatsa suna iya rufe kalsait ya ƙi nuna kansa, haka kuma ruwa yana iya shafa wa dutsen da ba na kabonet ba wani siririn farin ɓawo na kalsait, ya yi maka kumfa ka tafi da labarin ƙarya. Duk gwajin da za ka yi, a sabuwar fuskar da guduma ta buɗe za ka yi shi.

Sai wuƙa. A ma'aunin tauri na Friedrich Mohs, wani Bajamushe masanin ma'adinai, wanda ya tsara a 1812 daga lamba 1 zuwa 10, kalsait yana kan 3, farcen mutum 2.5, wuƙar ƙarfe wajen 5.5, kwaz kuma, wato ma'adinin da galibin ƙwayoyin yashi suke da shi, 7. Don haka farce ba zai karce dutsen farar ƙasa mai ƙwari ba, wuƙa kuwa za ta shige shi cikin sauƙi ta bar rami da farin gari a gefe. Ka goge layin da babban yatsa. In ramin yana nan, wuƙa ce ta ci dutse. In kuma wani layi ne mai ƙyallin azurfa da ya hau kan dutsen ba rami, to dutsen ne ya ci wuƙar, ƙarfenta ne ya goge a kai. Mutane da yawa a nan suke faɗawa.

Asid ɗin kuma ga yadda ake haɗa shi: kashi ɗaya na mai ƙarfin, wanda ke zuwa da kusan kashi 37 cikin 100, a kashi tara na ruwa. Ruwan ake fara zubawa a kwalba, sannan a tsiyaya asid a kansa sannu a hankali. In aka juya tsarin, zafin da ke tashi yana iya fallatsa shi a fuska. A sa tabarau da safar hannu, a yi a inda iska ke shiga, a rubuta suna a jikin kwalbar, kuma kada a taɓa zuba shi a kwalbar maganin ido ko ta abin sha.

Ɗigo ɗaya ya isa. A kan kalsait kumfa za ta taso nan take, fara, kana jin shuuu ko ba ka kara kunne ba, ta yi daƙiƙu kaɗan sannan ta lafa ta bar wurin a ɗan cinye. Iskar kabon dayoksaid ce ke fita: asid ya raba kalsiyam kabonet zuwa gishirin kalsiyam kulorayid da ruwa da iska, kuma a kowane giram 100 na dutsen, giram 44 iska ce. Abu ɗaya za ka kiyaye. Dutse mai ƙananan ramuka yana shanye ɗigon, iskar da ke cikin ramukan ta fito kamar kumfa. Ka ɗiga ruwa zalla a gefe. In shi ma ya yi 'yan kumfa iri ɗaya, to ba aikin asid ka gani ba.

Dutsen da wuƙa ta karce, ya kuma yi kumfa mai ƙarfi a ko'ina a sabuwar fuska, ba a wani jijiya ko tabo kaɗai ba, kalsait ne ya yi masa yawa. Saura ka duba ko mabul ne, wanda za mu zo kansa a ƙasa.

Tambaya: Malam, samun wancan asid ɗin ba kowa ba. Ruwan khal ko lemun tsami ba za su yi ba? Ruwan batir fa, tunda shi ma asid ne mai ƙarfi? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ruwan khal yana yi, amma sai da dabara. Asid ɗin da ke cikinsa kashi 5 ne cikin 100 ko kusa da haka, kuma rarrauna ne. In ka ɗiga shi a kan dunƙulen dutse, sau da yawa ba za ka ga komai da ido ba. Ka kankare dutsen da wuƙa ka tara garin wuri ɗaya, ka ɗiga a kan garin, ka duba da gilashin ƙara girma: za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ko ka jefa ɗan guntu kamar ƙwayar masara a cikin kofin gilashi mai khal, ka ba shi minti biyu zuwa biyar. Kalsait zai lulluɓe da kumfa, suna tashi a jere kamar zare. In ka ɗumama khal ɗin kaɗan, aikin ya fi sauri. Ruwan lemun tsami ma haka yake, sai dai duhunsa yana ɓoye kumfar, sai an tace shi.

Aibin khal shi ne amsarsa ta “a'a” ba ta da nauyi. In ya yi kumfa, akwai kabonet. In bai yi ba, ba ka tabbatar da komai ba, musamman a kan dolomait, wani ɗan'uwan kalsait da za mu zo kansa a ƙasa.

Ruwan batir kuwa ka bar shi inda yake. Ban da haɗarinsa ga fata da ido da tufa, ba ma ya aikin. Asid ɗin salfiyurik ne, kuma idan ya haɗu da kalsait yana haifar da jifsam, wani farin ma'adini mai taushi wanda ba ya narkewa sosai. Kumfa ta taso a daƙiƙar farko, sai jifsam ɗin ya lulluɓe wurin kamar fenti ya hana sauran asid kaiwa ga dutsen, sai komai ya tsaya. Mai gwaji ya ɗauka kabonet ɗin kaɗan ne, alhali dutsen tsantsa ne.

Tambaya: Ranka ya daɗe, nawa dutsen wuƙa tana karce shi, amma da na ɗiga asid bai ce uffan ba. Sai da ɗigon ya gangara kan garin da wuƙar ta kankare sannan ya fara kumfa a hankali. Asid ɗina ne ya lalace? Daga wani ma'aikacin fasa dutse.

Amsa: Ka gwada asid ɗin a kan ɓawon ƙwai ko na katantanwa. In ya yi kumfa sosai, lafiyarsa ƙalau, kuma abin da ka bayyana shi ne ainihin halin dolomait.

Dolomait kabonet ne na kalsiyam da magnesiyam a haɗe, CaMg(CO3)2. Tsarin ƙwayoyinsa ya fi na kalsait ɗaurewa, shi ya sa asid mai sanyi da aka surka ba ya cin sa da sauri. Da an niƙe shi, fuskar da asid zai taɓa ta ninku, sai kumfa ta bayyana. Haka in an ɗumama asid ɗin. Wannan ɗabi'a ce ma ta sa aka gano shi: a 1791 wani Bafaranshe masanin duwatsu, Déodat de Dolomieu, ya bayyana wani dutse a tsaunukan Alfs da ya yi kama da na farar ƙasa amma ba ya kumfa yadda ya kamata. Daga sunansa aka raɗa wa ma'adinin suna, daga baya har tsaunukan da kansu, a arewa maso gabashin Italiya, suka ci sunan.

Akwai wasu alamu da ke taimakawa, ko da yake babu wadda ta isa ita kaɗai. Taurin dolomait 3.5 zuwa 4 ne, wuƙa tana ɗan jin jiki fiye da a kan kalsait. Ya ɗan fi nauyi: kalsait ya ninka ruwa mai girmansa sau 2.71, dolomait sau 2.85, bambancin da hannu ba zai ji ba. A sarari, dutsen farar ƙasa yakan koɗe ya yi ruwan toka mai santsi da kwaroron da ruwan sama ya zana, shi kuwa dolomait yakan koma ruwan ƙasa mai ɗan rawaya saboda ƙarfen da ke cikinsa, bayansa ya yi tsage-tsage kamar fatar giwa. A sabuwar fuska sau da yawa yakan yi kamar dunƙulen sukari, da 'yan ramuka. Dalili shi ne yawancin dolomait dutsen farar ƙasa ne tun asali, ruwa mai magnesiyam ya ratsa shi ya sauya shi, kuma a wajen sauyin ne ɓawon halittun da ke ciki kan dushe ko su narke su bar gurbinsu.

Inda aikin yake da wuya shi ne duwatsun tsaka-tsaki, domin ba safai ake samun tsantsa ba. Kalsait kashi 10 ko 20 a cikin dolomait ya isa ya tayar da kumfar da za ta ruɗe ka. Masana sun saba rabawa haka: dolomait ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kabonet ɗin, dutsen farar ƙasa ne, daga 10 zuwa 50, dutsen farar ƙasa mai dolomait, daga 50 zuwa 90, dolomait mai kalsait, sama da 90, dolomait. Ido da ɗigon asid ba za su ba ka waɗannan alƙaluma ba. Sai rini.

Rinin da aka fi amfani da shi sunansa alizarin ja. Ana narkar da giram 0.2 a mililita 100 na asid mai rauni ƙwarai, kashi 1.5 cikin 100, wato mililita 15 na mai ƙarfin a lita ɗaya ta ruwa. A goge fuskar dutsen ta yi sumul, a wanke, a tsoma ta daƙiƙa 30 zuwa 45, a ɗauraye da tataccen ruwa a bari ta bushe ba tare da an shafa ta ba. Kalsait zai yi ja ko ruwan hoda, dolomait ya zauna da launinsa. A ƙarƙashin gilashi za ka ga 'yan fararen lu'ulu'u masu kusurwa huɗu a karkace suna iyo a cikin ja, har ka iya ƙiyasta yawansu. In asid ɗin ya yi ƙarfi, kumfa za ta ɗaga rinin ya ƙi kamawa. In aka daɗe da tsomawa, jan ya malale ya hau kan dolomait ɗin ma.

Kuma bambancin ba na suna kawai ba ne. Magnesiyam mai yawa matsala ne ga siminti, domin yana sa shi kumbura ya tsage bayan an daɗe da yin gini, shi ya sa ƙa'idojin siminti ke tsayar da magnesiyam oksaid a kashi 5 ko 6 cikin 100. Manomin da ƙasarsa ta yi tsami ta kuma rasa magnesiyam kuwa, garin dolomait ɗin ne ya fi masa.

Tambaya: Malam, ni akasin haka na gani. Dutsen ya yi kumfa sosai, amma da na goga shi a jikin kwalba sai ya karce ta. Ba kun ce kalsait ba ya karce gilashi ba? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Ba ya karcewa, Malama, gilashi yana wajen 5.5 ne. Abin da ya karce kwalbarki daban, abin da ya yi kumfa daban, sai dai suna zaune a dutse ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Mafi yawan lokaci dutsen yashi ne wanda kalsait ya zama masa siminti. Ƙwayoyin kwaz ne, abin da ya manne su kuma kalsait. Ki bar ɗigon ya gama aikinsa, ki shafa wurin da tsinke: za ki ga yashi yana zubowa sako-sako, domin abin da ya riƙe shi ya narke. A ƙarƙashin gilashi kumfar tana fitowa ne daga tsakanin ƙwayoyin, su kansu ba abin da ya same su. Na biyu, dutsen farar ƙasa na gaske yakan ɗauki dunƙule-dunƙule ko ratsin dutsen ƙyastu, wanda silika ne, wato dangin kwaz, mai tauri 7, mai fashewa da lanƙwasa kamar gindin kwalba, bakinsa da kaifi. In gefen da kika goga ya faɗo kan irin wannan, zai karce gilashi. Na uku, a wuraren da ruwan sama ya yi ƙaranci, kalsait yana taruwa a cikin ƙasa ya manne tsakuwa da yashi ya zama farin ɓawo mai tauri. Yana kumfa ƙwarai, amma kaurinsa sau da yawa bai wuce mita ɗaya ko biyu ba, abin da ke ƙarƙashinsa kuma wani dutse ne dabam. Wanda ya ga wannan ya ɗauka ya sami tsaunin farar ƙasa, zai yi asarar kuɗin haƙa.

Akwai kuma wanda laka ce ta cakuɗa da kabonet kusan rabi da rabi. Shi ba ya karce gilashi, yana da taushi, yana kumfa, amma ɗigon yakan bar tabon taɓo a wurin, kuma in an huce masa numfashi yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

In kina son sanin yawan kabonet ɗin da alƙalami, ga gwajin da za a iya yi a ɗakin kimiyya na makaranta. A daka dutsen ya yi laushi, a shanya ya bushe, a auna giram 10. A zuba a mazubin gilashi mai cin lita ɗaya, domin kumfar tana hawa. A riƙa zuba surkakken asid, mai kashi ɗaya a tara, kaɗan-kaɗan ana jira ta lafa. Giram 10 na tsantsar kalsait yana cin kusan mililita 170, don haka a tanadi 250. Kada a rufe mazubin ko kusa: iskar da za ta fita ta haura lita biyu. In an ƙara asid ba a ga kumfa ba, an gama. In ana zaton akwai dolomait, a ɗora mazubin a cikin ruwan ɗumi a ƙara jira. A auna takardar tacewa tun tana busasshiya, a tace, a ɗauraye abin da ya rage da ruwa, a busar, a sake aunawa, a cire nauyin takardar. In ragowar giram 0.4 ce, kabonet kashi 96 ne cikin 100. In giram 6 ce, dutsen bai cancanci sunan farar ƙasa ba. Ki duba ragowar ma da gilashi, ita ce za ta gaya miki yashi ne, laka ce ko ɓarɓashin ƙyastu.

Kuskuren da aka fi yi biyu ne: auna takardar tana da sauran danshi, wanda ke rage wa dutsen daraja, da tsayawa kafin dolomait ya gama narkewa. Gwajin kuma ba ya raba kalsiyam da magnesiyam, jimillarsu yake bayarwa.

Tambaya: Mene ne bambancin dutsen farar ƙasa da mabul, tunda duka suna kumfa? Daga wani mai aikin daɓen gini.

Amsa: Asid da wuƙa ba za su raba su ba, ma'adininsu ɗaya. Mabul dutsen farar ƙasa ne ko dolomait da zafi da matsin cikin ƙasa suka sake wa halitta, ƙwayoyinsa suka sake girma suka haɗe suka zama lu'ulu'u masu sarƙe da juna, kusan girma ɗaya. Ka juya sabuwar fuska a rana: mabul yana walƙiya ta ko'ina, domin kowace ƙwaya tana tsagewa a shafe kamar madubi. Ba za ka ga ɓawon halitta ko ramuka ba, shimfiɗar hawa-hawa ta ɓace ko ta murɗe ta zama ratsi masu lanƙwasa, kuma siririn bakinsa yakan bar haske ya ɗan ratsa. Na Karara a Italiya shi ne misalin da aka fi sani.

Sai dai a kasuwar kayan gini duk dutsen kabonet da ya karɓi gogewa ya yi sheƙi, mabul ake ce masa. In ka ga tayil da zanen katantanwa a ciki, dutsen farar ƙasa ne komai sunan da aka rubuta. Ga mai aiki hukuncinsu ɗaya: duk abu mai tsami yana cinye sheƙinsu, kada a wanke su da khal ko ruwan wanke bayi.

Fararen duwatsu biyu da ake ruɗewa da su: kwazait, wato dutsen yashi da zafi da matsi suka sake wa halitta, wanda ba ya kumfa kuma wuƙa ba ta kama shi, da jifsam, wanda shi ma ba ya kumfa amma farce yana karce shi, taurinsa 2 ne.

Tambaya: Malam, na duba nawa da gilashi na ga wasu 'yan ƙwallaye kamar ƙwan kifi cike da shi. Ƙwai ne suka zama dutse? Kuma in zan rubuta bayanin dutse a littafin aiki, me zan rubuta bayan “dutsen farar ƙasa”? Daga wata ɗalibar ilimin duwatsu.

Amsa: Ba ƙwai ba ne, ko da yake daga kalmar ƙwai ta Girkanci aka samo sunansu, uwid. Ki sami wanda ya fashe biyu ki duba: akwai ɗan ƙwayar yashi ko guntun ɓawo a tsakiya, kewaye da zobe a kan zobe kamar albasa. Suna samuwa ne a ruwa marar zurfi, mai ɗumi, mai yawan motsi, inda igiya ke mirgina ƙwayar tana ɗaukar rufin kabonet ta kowane gefe. Ba su wuce milimita 2 ba. In sun wuce, wani suna gare su. Yau ma suna samuwa a gaɓar tsibiran Bahamas da Tekun Fasha. Dutsen Fotlan na Ingila irinsu ne, kuma saboda kamar launi da shi ne Joseph Aspdin, wani magini ɗan Ingila, ya sa wa simintinsa wannan suna a 1824.

Sauran abin da za ki riƙa gani: guntayen ɓawo masu lanƙwasa, rassan murjani, da 'yan faya-fayai masu rami a tsakiya kamar duwatsun carbi, waɗanda gaɓoɓin wata halittar teku ce mai kama da fure. Duwatsun dalar Giza a Masar cike suke da wasu faya-fayai kamar kwabo, ɓawon wata halitta mai ƙwayar rai ɗaya tak. In kin jiƙa fuskar dutse da ruwa, duk waɗannan sun fi fitowa. A bayan dutsen da ya sha ruwan sama ma sukan fito ɓaro-ɓaro, wannan yana cikin 'yan wuraren da tsohuwar fuska ta fi sabuwa amfani.

Alli na asali shi ma dutsen farar ƙasa ne, mai laushi, marar nauyi, mai barin fari a hannu, wanda aka gina da ɓawon tsirran teku da ba a gani sai da na'ura mai ƙarfi. Fararen gaɓoɓin Dover a Ingila shi ne. Allin aji kuwa kada ki yi gwaji da shi, da yawansa jifsam ne. Wanda ke taruwa a bakin maɓuɓɓugar ruwa, mai ratsi-ratsi da ramuka a jere, shi ne tarabatin, kamar na Pamukkale a Turkiyya da na Tiboli kusa da Rum. Tsinin da ke reto a rufin kogo ma danginsa ne.

Wajen rubutu, tsarin da masanin duwatsu Robert Dunham ya fitar a 1962 ya fi sauƙi ga mai gilashin hannu, domin tambaya biyu ce kawai: akwai laka tsakanin ƙwayoyin, kuma ƙwayoyin suna taɓa juna? Laka a nan tana nufin kabonet mai laushin da ba a ganin ƙwayarsa. In laka ce kusan duka, ƙwayoyi ƙasa da kashi 10, aji na farko ke nan. In sun haura 10 amma suna iyo a laka ba su taɓa juna, na biyu. In suna jingine da juna da laka a tsakani, na uku. In suna jingine ba laka, sai garai-garai ɗin kalsait ya cike tsakaninsu, na huɗu. Akwai kuma wanda halittun suka gina a manne tun suna raye, kamar tudun murjani. Amfanin wannan shi ne yana gaya miki yadda ruwan yake: laka ba ta kwanciya sai a ruwa mai natsuwa, rashinta kuwa alamar igiya ce. Ki rubuta launin sabuwar fuska da na tsohuwa, ƙarfin kumfa, irin ƙwayoyin da girmansu, ajin, da kaurin shimfiɗa. In kin ga wani baƙin layi mai zigizaga kamar ɗinkin ƙoƙon kai, ki rubuta shi ma: wurin da matsi ya narkar da dutsen ne ya bar dattin da bai narke ba.

Tambaya: Na fasa wani baƙin dutse sai ya yi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma yana kumfa. Wani kuma ruwan ƙasa ne, nauyinsa ya fi girmansa, sai a asid mai ɗumi yake kumfa. Su ma na farar ƙasa ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Na farko, e. Ragowar halittu da ba su gama ruɓewa ba, a ruwan da iska ta yi wa ƙaranci, ita ce ta ba shi baƙi da warin, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya rina dutse duka. Warin yana tashi ne lokacin fasawa ya wuce nan da nan. Ka karce shi: garin zai fito fari ko toka-toka duk da baƙin dutsen.

Na biyu ya fi kama da sidarait, kabonet na ƙarfe. Ya ninka ruwa kusan sau 3.9, shi ya sa hannu ke jin bambancin. Asid ɗin da ya narke a ciki yakan koma rawaya-rawaya. Ka riƙe ɗan guntu da filaya ka gasa shi a wuta, da tabarau a idonka domin yana iya tartsatsi, har ya yi baƙi. In ya huce ka kawo maganaɗisu kusa. Sidarait zai manne, dolomait mai launin ƙasa ba zai motsa ba.